Keken tsere a bakin kanal a Ingila: inda zai kai ka da inda zai wahalar da kai

Tambayar da aka aiko daga Bristol ita ce: mai tambayar ya sayi keken tsere na hannu mai siraran tayoyi, faɗin milimita 25, kuma titunan mota na ba shi tsoro. Ya ji labarin akwai hanyoyin keke da mota ba ta bi, suna ratsa ƙauyuka da bakin kanal har zuwa Reading. Yana son sanin ko wannan keken zai iya tafiyar, me ya kamata ya canza a jikinsa, kuma kwana nawa za ta ɗauka.

Ɗan'uwa, keken zai iya, amma ba yadda yake a yanzu ba, kuma ba ko'ina ba. Idan aka ce hanya babu mota, an gaya maka wanda ba ya bin ta ne kawai, ba a gaya maka abin da aka shimfiɗa a kanta ba. A taswira layin iri ɗaya ne, amma a ƙasa wani wurin kwalta ce sumul, wani wurin tsakuwa ce da aka daddaɓe, wani wurin kuwa 'yar siririyar turba ce cikin ciyawa mai saiwoyin itatuwa. Mai keken tsere, abin da ke ƙarƙashin tayarsa shi ne tambayar farko.

Hanyoyin nan iri biyu ne, kuma tarihinsu shi ya raba su. Na farko tsofaffin layukan dogo ne da aka rufe, aka kwashe ƙarafan, aka mayar da su hanyar keke da masu tafiya a ƙasa. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsini ko kwana mai kaifi, don haka waɗannan hanyoyin suna da faɗi, a miƙe suke, ruwa ba ya kwanciya a kansu. Na biyu hanyar bakin kanal ce. Kanal ɗin Ingila ba irin na noman rani ba ne kamar wanda ke kai ruwan Tiga gonakin Kadawa. An haƙa shi ne don jiragen ruwa masu ɗaukar gawayin kwal da duwatsu da hatsi, kuma doki ne ke jan jirgin da igiya yana tafiya a gefe. To turbar dokin nan ita ce kake son bi. An yi ta daidai faɗin doki ɗaya da mai kora shi, a kan gudun da bai wuce na tafiyar ƙafa ba. Duk wata matsala da za ka gamu da ita a can, daga nan ta samo asali.

Ka yi sa'a da garin da kake zaune, don hanyar da ta fi dacewa da kekenka a duk yankin daga Bristol ta tashi. Hanyar tsohon layin dogo daga Bristol zuwa Bath mil 13 ce, wato kimanin kilomita 21, kwalta tun daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar masu keke da daga baya ta zama Sustrans, wadda aka kafa a Bristol a 1977, ita ta gina ta tsakanin 1979 da 1986, kuma daga nan ne tunanin haɗa hanyoyin keke na ƙasar baki ɗaya ya girma har aka ƙaddamar da shi a 1995. Alamar da za ka riƙa bi allo ne shuɗi mai hoton keke, da lamba 4 a cikin jan akwati. Hanyar ta tashi kusa da tashar jirgin Temple Meads, ta ratsa unguwar Easton inda akwai masallatai da shagunan abincin halal, ta hau a hankali zuwa Fishponds, ta shiga ramin Staple Hill da jirgin ƙasa ke ratsawa ta ƙarƙashin ƙasa a da, sannan ta gangara ta Warmley da Bitton da Saltford har bakin kogin Avon a gefen Bath. Ramin yana da fitilu amma rufinsa na ɗiga, ƙasan kuma a jiƙe yake kullum, don haka kada ka taka birki da ƙarfi a ciki. Wajen ƙarfe takwas na safe da biyar na yamma a ranakun aiki ɓangaren Bristol cike yake da masu zuwa aiki da 'yan makaranta. Safiyar Asabar ko Lahadi da wuri ta fi. Da tayarka ta milimita 25 za ka yi wannan hanyar cikin awa ɗaya da kwata ba tare da ka canza komai ba, kuma nan ya kamata ka fara.

Kafin ka fita, gwada birki biyun kana tsaye. A Birtaniya hannun dama ne ke kama tayar gaba, hagu ta baya. Kekunan da aka shigo da su daga Amurka ko sauran ƙasashen Turai yawanci akasin haka suke, kuma keken hannu ba ka san inda ya fito ba. Wanda ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa yana zaton na baya ne, ƙasa zai ji shi. Kuma ko a hanyar da babu mota, ta hagu ake tafiya, a wuce mutum ta damansa.

Mataki na biyu shi ne zagayen ramuka biyu na Bath, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2013 a kan tsohon layin Somerset da Dorset. Ramin Devonshire mita 409 ne, na Combe Down kuwa mita 1,672, ya ɗan haura mil ɗaya, kuma shi ne rami mafi tsawo da ake bi da keke a Birtaniya. Kwalta ce mai kyau. Hasken ciki kaɗan ne, akwai sanyi ko a tsakiyar bazararsu, saboda haka ka kunna fitilar gaba da ta baya, ka cire baƙin tabarau tun kafin ka shiga, ka karkatar da fitilar gaba ƙasa don kada ka kashe wa masu tahowa ido. Idan ka fita ta Midford, sai ka bi ƙananan titunan ƙauye ta Monkton Combe, inda za ka ɗan haɗu da mota, ka faɗo bakin kanal a gadar Dundas, ka dawo Bath ta gefen ruwa. Zagayen duka kimanin mil 13 ne. Amfaninsa a gare ka shi ne zai ɗanɗana maka kilomita takwas na bakin kanal, ka ji yadda kekenka ke yi a kai, alhali ba ka yi nisa da tashar jirgi ba.

Yanzu kanal ɗin kansa. Sunansa Kennet and Avon, tsawonsa daga Bristol zuwa Reading mil 87, kilomita 140 ke nan, da ƙofofin ruwa 105 waɗanda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da su. Ƙarshensa biyu koguna ne da aka gyara, Kennet a gabas da Avon a yamma. Tsakiyar, mil 57 daga Bath zuwa Newbury, injiniya John Rennie ne ya tsara haƙa ta, aka gama a 1810. Zuwan jirgin ƙasa ya kashe masa kasuwa, ya lalace, sai 'yan sa-kai suka yi shekaru suna gyara har Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe shi a 1990. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ce ke kula da shi tare da sauran kanal na Ingila da Wales, kimanin mil 2,000. Ba ka buƙatar takardar izini ko biyan kuɗi don ka hau keke a gefensa. Sharaɗin shi ne mai tafiya a ƙasa ne ke da fifiko, kai baƙo ne.

Daga Bath zuwa Devizes kimanin mil 22 ne, kilomita 35, kuma nan ne ɓangaren da ya fi kyau. Kusa da Bath shimfiɗar tana da daɗi. Daga baya sai ta koma farar tsakuwa da aka daddaɓe, mai ramuka ƙanana waɗanda ruwa ke cikawa idan an yi sama. Da ka haye ƙofofin ruwan da ke cikin Bath ba za ka sake ganin wata ba sai Bradford-on-Avon, kusan kilomita 15, don haka babu hawa ko kaɗan. A wannan tsakanin kanal ɗin ya tsallake kogin Avon sau biyu a kan gadojin dutse masu ɗauke da ruwa, Dundas da Avoncliff. A Avoncliff hanyar tana sauya gefe ta ƙarƙashin gadar, da gangara da hawa masu tsini, kuma wanda giyar kekensa ke da nauyi gara ya sauka ya tura. Dab da Devizes sai Caen Hill: ƙofofin ruwa 29 da suke hawa mita 72 cikin mil biyu, guda 16 daga ciki a jere kamar matakala. Jirgi yakan ci awa biyar zuwa shida kafin ya haye su. Kai da keke minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ishe ka, amma shi ne hawa na gaske guda ɗaya a ranar, kuma yana zuwa ne lokacin da ƙafa ta gaji. Ka sani tun yanzu cewa Devizes ba ta da tashar jirgin ƙasa, an rufe ta tun 1966. Wanda ya isa can da yamma babu masauki, ko dai ya koma Bradford-on-Avon ko Trowbridge, ko ya ƙara gaba zuwa Pewsey.

Bayan Devizes kada ka nace wa bakin ruwa. Hanya mai lamba 4 da kanta tana barin kanal ɗin a nan ta bi ƙananan titunan ƙauye ta kwarin Pewsey, ta Great Bedwyn da Hungerford, ba ta dawowa gefen ruwa sai wajen Marsh Benham dab da Newbury. Ba don son wahalar da kowa aka yi haka ba. Turbar da ke tsakani ciyawa ce da laka da kwari da ƙafafu suka haƙa, wani wurin faɗinta bai wuce taku biyu ba, kuma a ramin Bruce babu turbar ma sam, sai an haye ta saman tudu. Keken tsere a can azaba ce, kuma hatsarin faɗawa ruwa ya fi na motocin da kake gudu. Titunan ƙauyen suna da mota jifa-jifa, da taraktoci, da shingen itatuwa masu tsayi da ke toshe kwana, sai ka rage gudu a duk kwanar da ba ka ga bayanta ba, ka saurari ƙarar inji. Idan sharaɗinka shi ne babu mota ko ɗaya, to wannan kilomita 50 da ɗoriya ba naka ba ne: ka koma Bradford-on-Avon ta bakin kanal, ka hau jirgi zuwa Newbury ka ci gaba daga can. Daga Newbury zuwa Reading, kimanin kilomita 30, shimfiɗar gauraye ce, kuma tun da yawancinsa kogin Kennet ne, ruwa kan malale wasu wuraren a lokacin sanyi.

Tafiyar duka daga Bristol ta kusa kilomita 160. Kwana uku ne daidai ga wanda bai saba ba: Bristol zuwa Devizes, Devizes zuwa Newbury, sannan rabin yini zuwa Reading. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa lokaci da gudun kwalta. A kwalta za ka yi kilomita 20 zuwa 25 a awa. A bakin kanal, idan ka haɗa da rage gudu saboda mutane da karnuka da gadoji, ka lissafa 10 zuwa 13. Bath zuwa Devizes awa uku ce ko uku da rabi, ban da hutu da salla.

Sai batun taya, wanda shi ne kuɗin da ya kamata ka kashe. Duba gefen tayarka, za ka ga an rubuta 700x25C ko 25-622. Lamba 622 girman rim ne, ba ya canzawa. 25 ɗin ne kake son ɗagawa. Idan birkinka irin mai matse rim ne, yawanci milimita 28 ce iyakar abin da zai shiga. Idan birkin faifai ne, sau da yawa 32 za ta shiga, wani keken har 35. Kada ka saya da ka. Ɗauki alanki mai lamba 4, wato mai kaurin milimita 4, ka zura shi tsakanin tayar da ke kai yanzu da ƙarfen keke a wurare huɗu: saman cokalin gaba, ƙarƙashin birki, bayan bututun da ke riƙe sirdi, da tsakanin ƙarafa biyun da ke kusa da feda. Bayan ka sa sabuwar taya dole ya rage aƙalla milimita 4 a kowane gefe. Dalili shi ne taya na kwaso laka da ƙananan duwatsu. Idan babu sarari sai su riƙa goge fenti, a keken da aka ƙera da kabon maimakon ƙarfe kuwa su ci jikin keken kansa. Taya mai faɗin 28 ta fi ta 25 tsayi ma, ba faɗi kaɗai ba, shi ya sa ƙarƙashin birki ne yawanci ke fara taɓawa. Ba ka buƙatar mai manyan ƙuraje irin na keken dutse. Nemi mai santsin tsakiya ko ƙananan zane, wadda ke da shimfiɗar kariya daga ƙaya a cikinta. Ka sayi tiyub da ya dace da sabon faɗin, don na 25 idan aka hura shi a cikin 32 yana miƙewa ya yi siriri, ƙaramin abu sai ya huda shi.

Iska kuma, mutane da yawa suna cika ta fiye da kima suna zaton hakan ne ke hana faci. Taya mai tauri kamar dutse tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, hannu da ƙugu su sha jijjiga. Ga mai nauyin kilo 70, a taya ta 28 ka fara da psi 65 zuwa 70 a ma'aunin iska na famfo a tayar baya. A ta 32, psi 52 zuwa 58. Ta gaba ta gaza ta baya da uku zuwa biyar. Duk ƙarin kilo 10, naka ko na kaya, ka ƙara kimanin biyar. Idan ka rage fiye da haka sai wata matsalar ta taso: ka daki gefen dutse ko saiwa, tayar ta lotse har rim ya cije tiyub. Za ka gane wannan facin da ramuka biyu a jere kamar saran maciji. Rami ɗaya a saman tiyub ƙaya ce ko gilashi. Rami a cikin ciki, ɓangaren da ke kallon rim, yana nufin kyallen da ke rufe ramukan wayoyi ya goce. Kowanne da maganinsa, don haka ka duba ramin kafin ka jefa tiyub a jaka.

Ƙaya ita ce babbar abokiyar gabar mai keke a ƙauyen Ingila, kuma tana da lokaci. Shingayen gonaki da na bakin kanal galibi itatuwa ne masu ƙaya. Doka ta hana manoma aske su daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye na sheƙa, don haka daga Satumba zuwa Fabrairu ne inji ke bi yana watsa guntayen ƙaya a hanya. Idan ka ga ɓaraguzan reshe sabo a ƙasa, sauka ka ɗauki keken ka wuce wurin, minti biyu ne. Masu rim da taya irin marasa tiyub suna zuba ruwan liƙi mililita 40 zuwa 60 a kowace taya, wanda ke toshe ramin ƙaya da kansa. Yana bushewa cikin wata uku zuwa shida, sai an ƙara. Idan rim ɗinka ba irin wannan ba ne, kada ka ƙirƙira.

Abin da za ka ɗauka: tiyub biyu, ba ɗaya ba, don ƙaya ba ta zuwa ita kaɗai; robobin ɓanɓare taya biyu; famfon hannu wanda ka gwada a gida ka tabbatar ya dace da siririn bawul ɗinka; kayan faci da sholisho; alanki na 4 da 5 da 6; da mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyarka. Idan ka yi faci, ja keken nesa da bakin ruwa kafin ka kwance komai, don ƙaramin noti idan ya gangara ya faɗa kanal ya tafi ke nan. Cire tiyub, hura shi ka gano ramin, ka aza shi a kan tayar daga wurin bawul don ka san inda za ka nemi abin da ya huda. Bi cikin tayar da yatsa a hankali. Bakin ƙaya kan karye ya maƙale a roba, ba a ganinsa daga waje, kuma shi ne ke huda sabon tiyub bayan mita ɗari biyu. Sa wa sabon tiyub iska kaɗan ya ɗauki siffa kafin ka saka, ka mayar da tayar da hannu, ka zagaya kana matsa ta ka tabbatar tiyub bai leƙo ƙarƙashin bakinta ba, sannan ka hura. In faci za ka liƙa, goge wurin da 'yar takardar yashi, shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, jira minti uku zuwa biyar har ƙyallinsa ya dushe, sannan ka danna da ƙarfi minti guda. Gaggawar liƙawa kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ya ɓalle.

A kan hanyar kanta, gada ce wurin da aka fi faɗuwa. A ƙarƙashin kowace gada turbar tana tsukewa, bakan gadar yana saukowa daidai kan mutum a gefen bango, ba ka ganin mai tahowa, kuma ƙasan sau da yawa tubali ne ko dutse da aka jera da ƙuraje don kofaton doki ya samu abin kamawa. Idan ya jiƙe santsinsa kamar sabulu. Ka rage gudu zuwa na tafiyar ƙafa tun kafin ka isa, ka kaɗa ƙararrawa sau biyu, ka gama taka birki kana kan busasshiyar ƙasa, ka wuce a miƙe ba tare da karkata ba. Idan takalminka irin mai maƙalewa a feda ne, cire ƙafar da ke gefen bango. Mafi alheri ma, a wannan tafiyar ka sa feda ta gama-gari. Wurin da ka ji shakka, sauka. Babu wanda zai yi maka dariya.

Ƙararrawa ba dole ba ce a doka yayin tuƙi, amma a bakin kanal ba a yi sai da ita, kuma kekunan tsere galibi ba su da ita. Kaɗa ta daga nesa, kamar mita 20, ba sai ka zo ƙeyar mutum ba, ka bi da magana, ka jira ya zaɓi gefen da zai matsa. Da yawa sun toshe kunne da abin sauraro, wasu tsofaffi ne da ba sa ji sosai. Mai kare yakan tsaya a gefe ɗaya karen a ɗaya gefen, da siririyar igiya a tsakani wadda ba ka gani sai ka zo kanta. Masu kamun kifi suna amfani da sanduna masu tsawon da kan kai mita 16, kuma idan za su cire kifi baya suke turo sandar ta gitta hanya; tsada gare ta ƙwarai, tsaya ka jira. Inda jirage suka yi layi akwai igiyoyi da turakun ƙarfe a bakin turba, da mutanen da jirgin nan shi ne gidansu, suna fitowa da buta ko yaro a hannu. Daga Afrilu zuwa Yuni manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya da dinyoyi suna da ƙwai ko 'ya'ya, kuma suna tare hanya suna huci. Ba su sarari, ka sa keken tsakaninka da su. A hanyoyin ƙauye kuwa idan ka riski mai doki, yi magana da murya tun daga nesa maimakon ƙararrawa, ka wuce a hankali da tazara.

Idan tsautsayi ya sa ka faɗa ruwa, saki keken. Yawancin kanal ba shi da zurfi sosai, sau da yawa mutum na iya tsayawa, amma ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, bangon kuma a tsaye yake. Cikin ƙofofin ruwa da kusa da su zurfin ya ninka haka sau da yawa, ga jan ruwa, shi ya sa ba a hawa keke a gefensu. Ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15 yana sa numfashi ya ƙwace a minti na farko. Kwanta rigingine ka buɗe hannuwa har numfashin ya daidaita, sannan ka nemi wurin fita. Lambar gaggawa 999 ce, kuma kowace gada da ƙofar ruwa tana da lamba a jikinta, ita za ka faɗa don a same ka. Bayan haka ka yi wanka, ka wanke duk wani ƙujewa. Fitsarin ɓera a ruwan kanal na ɗauke da cutar leptospirosis. Idan zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki suka zo cikin makonnin da suka biyo baya, kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ko ka ga likita, kuma ka faɗa masa ka shiga ruwan kanal. Wannan bayanin yana da muhimmanci musamman ga wanda ya saba ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro.

In ka bar alamar shuɗin allo ka shiga turbobin gonaki, kalli launin kibiya. Rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai, ba ka da haƙƙin hawa keke. Shuɗiya ta dawaki ce, kuma dokar 1968 ta ba masu keke damar bin ta muddin sun kauce wa mai ƙafa da mai doki, sai dai yawancinsu laka ce da ba ta dace da tayarka ba. Hular kwano ba tilas ba ce a dokar Birtaniya, amma bakan gada na dutse ne. Fitila fara a gaba da ja a baya wajibi ne a titi daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, a Yuni kuwa sai bayan tara. Bakin kanal na ƙauye babu fitilar titi ko ɗaya, kada dare ya same ka a can. Mayu zuwa farkon Satumba ne lokacin wannan tafiyar. Daga Nuwamba zuwa Maris hukumar na gyare-gyare tana rufe wasu sassa, kuma tana sanya sanarwa a shafinta na intanet, duba kafin ka fita. A lokacin kuma ga ruɓaɓɓen ganye da ƙanƙara, don ba a zuba wa yawancin waɗannan hanyoyin gishiri kamar titin mota.

Jirgin ƙasa shi ne mafitarka idan keke ko jiki ya gaza. Akwai tasha a Bath, Freshford, Avoncliff, Bradford-on-Avon da Trowbridge, sannan Pewsey, Bedwyn, Hungerford, Kintbury, Newbury, Thatcham har Reading. Ɗaukar keke kyauta ne, amma a manyan jiragen da ke zuwa Landan sai ka kama masa wuri tun da wuri, ƙananan kuwa gurbi kaɗan ne, wanda ya riga shi ya samu.

Da ka dawo gida, wanke keken a ranar. Farar ƙurar tsakuwar nan idan ta haɗu da ruwa da man sarƙa tana zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙoran giya da robar birki. Bokiti da soso da burushi sun isa; injin feshi mai ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Cire tayoyin ka duba robar birki, ka tsince ƙananan duwatsun da suka nutse a ciki da bakin wuƙa, don su ne ke karce rim har ya yi kwari. Goge sarƙa da tsumma ta bushe, ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda baya sau ashirin, sannan ka goge duk wanda ya rage a waje, don man da ke waje ƙura kawai yake kamawa. Sayi ɗan ma'aunin sarƙa: idan giyar bayanka 11 ce ko fiye, canza sarƙa da ta miƙe kashi 0.5 cikin ɗari. Idan 10 ce ko ƙasa, 0.75. Birkin faifai kuwa kada mai ya taɓa shi ko kaɗan, idan ya taɓa sai an canza abin matsewar.